Gurbi Biyar, Babu Na Aikin Banza

Jama'a, ku yi mini jaje. Ranar Litinin da safe ƙasa ta haɗiye mini ƙafar dama har gwiwa. Ba a daji ba, ba a gona ba, a tsakiyar sabuwar gadar layinmu, wadda kwananta uku kacal da buɗewa.

Na fito ne ina tura babur, don tun Asabar tankinsa ya bushe ƙayau kamar rijiyar rani. Niyyata in je in kama layin mai kafin rana ta take, layin nan da ake shiga da baƙin gashi a fito da furfura. Babur ya haye lafiya lau. Ni da na biyo bayansa sai na ji ƙurus, sai ga ni a durƙushe kamar mai neman gafara, ƙafa ɗaya a duniya, ɗaya a cikin kwata. Da aka taru aka zaro ni, ƙafar ta dawo. Takalmin bai dawo ba.

Mai shayin bakin gada, wanda abin dariya bai taɓa wucewa ta gabansa ya tsira ba, ya leƙa ramin ya ce, "Mai Tabarau, ai kai ne wakilinmu. Ka sauka duba harsashin aikin ke nan?"

Na ce, "Allah ya sa madararka ta yi tsami."

Bari in koma baya kaɗan, kada in bar ku a cikin kwata kamar takalmina. Wata ƙatuwar magudanar ruwa ce ta raba gidajenmu da bakin titi. Shekara goma sha ɗaya katako huɗu muke takawa mu tsallake, waɗanda kafintan layinmu ya shimfiɗa ya ɗaure da ƙusa. Ba su da kyan gani, na yarda. Amma ko ɗan akuya bai taɓa faɗawa ba. A kansu Yayana yake wucewa kullum da kekensa mai tuƙin hannu. Gyaran agogo yake yi, teburinsa yana can bakin titi, ƙafafunsa kuwa tun yana yaro suka shanye. In babu gada, sai ya zagaya ta bayan makaranta, tafiyar awa guda, da wani hawa wanda damtsen mai shekara sittin da biyu ba ya iyawa. Wato dai gadar nan ita ce ƙafar Yaya.

Muna zaman lafiya sai alheri ya faɗo mana. Mai Girma Uban Almakashi, wanda bai taɓa ganin jan ƙyalle ya bar shi da rai ba, ya ratso ta layinmu, ya ga katakonmu daga tagar mota, ya ce abin kunya ne. Aka turo ɗan kwangila. Aka ɓamɓare katakon aka watsar. Mai ɗakina ce kawai ta sa aka kwaso su aka jingine mata a bayan kicin, wai ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Na yi mata dariya, na ce ita dai ba ta son ci gaba.

Na ga yadda aka yi aikin da idona. Buhun siminti ɗaya aka kawo ya gaisa da tifar yashi, suka yi musabaha, aka mayar da rabinsa mota. Rodin da aka sa, na rantse tsinken sakace ya fi shi kauri. Amma fenti, kai! Fenti an yi shi tsakani da Allah.

Ni kuma aka naɗa ni wakilin masu amfana da aiki. Ba don na san gini ba, ni tela ne. Don ina sa tabarau ne, kuma ina da biro a aljihu.

To, ina zaune a bencin mai shayi da ƙafa ɗaya ba takalmi, sai ga wani ma'aikacin gwamnati, jami'in fom, ya sauko daga mota, matashi ne mai takalmi mai tsini da fayil a hammata. Ya tsaya can tsallake, ya yafito ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaraso mana, ga gada."

Ya ce, "A'a, Baba, nan ma ya isa. Kai dai taho."

Na taho ta gefe-gefe kamar kaguwa. Ya miƙo mini takarda da Turanci, ya ce in sa alama a gurbi ɗaya, in sa hannu a ƙasa, aiki ya kammala. Ni kuwa Turancina na awon wuya da hannun riga ne. Sai na aika aka kira maƙwabcina Malam Ƙamus, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya, har yanzu kuma in ka gaishe shi sai ya gyara maka gaisuwar.

Ƙamus ya ɗaga takardar sama ya karanta. "Gurbi biyar ne. Na farko ekselen, wato aikin da ba a magana. Na biyu beri gud, ya yi kyau ƙwarai. Na uku gud, ya yi kyau. Na huɗu satisfaktiri, wato an gamsu. Na biyar fiya."

Na ce, "Fiya fa?"

"Kadaran-kadahan. Ba yabo ba fallasa. Makin da nake ba ɗan da ba ya ja, amma ubansa mutumin kirki ne."

"To karanta na shida."

Ya juya bayan takardar. Ya girgiza ta, ko wani gurbi ya maƙale. Ya ce, "Babu na shida."

Na nuna wa jami'i ƙafata. Na nuna masa ramin, wanda ta cikinsa kana hango ruwan kwata yana tafiya abinsa. Na ce, "Ɗana, ina gurbin wannan?"

Nan fa Ƙamus ya hau. Ashe shekara da shekaru yana jiran wannan rana. "Saurayi, kada ka yi wa Turanci ƙazafi! Harshen nan ba ya talaucin kalmar aibu. Akwai puwa, aikin da bai yi ba. Akwai shodi, aikin ha'inci da aka yi da gaggawa. Akwai midiyoka, na mutumin da ya iya amma ya ƙi. Akwai sobstandad, wanda bai kai awo ba. In an gaji da ladabi a ce rabish, a tafi gida. Duk ina kuka kai su?"

Na ce, "Mu ma nan ba mu rasa ba. Kwashi-kwaraf. Jeka-na-yi-ka. Aikin ganin ido. Ba ni wuri in rubuta maka ɗaya da babban baƙi."

Jami'i ya yi murmushin wanda ya saba da marasa ilimi. Ya ce, "Iyayena, da can akwai gurbi na shida. Shekara uku ke nan da aka cire shi, saboda yana karya wa ma'aikata gwiwa. Kuma ku duba ikon Allah, tun da aka cire shi ba a ƙara samun aikin banza ko ɗaya ba. Rahoto yana nan, kowa ya gani."

Jama'a, ku taya ni jinjina. Wasu ƙasashe suna can suna wahalar da kansu da awon siminti da korar 'yan kwangila. Mu namu manyan da abin goge fensir kawai suka kawar da aikin banza daga doron ƙasa. Gobe in suka cire gurbin zazzaɓi daga katin asibiti, sai sauro ya nemi wata sana'ar. Wannan shi ne abin da babba ya hango, wanda yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na ce, "In na sa hannu a fiya, za a gyara ramin?"

"Baba, ai ba a gyara abin da ba shi da laifi. Fayil ya rufu ke nan."

"In na ƙi fa?"

"Sai a ce aiki yana ƙarƙashin nazari. A zagaye gadar da igiya, ba mai tsallakewa sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe kwamitin yake zama?"

Ya kalli sama, kamar mai neman jinjirin wata da rana tsaka.

Gaba kura, baya sayaki. In na sa hannu, na tura Yayana kan gadar da ba ta ɗauki tela ba, balle mutum da keken ƙarfe da akwatin kayan aiki. In na ƙi, na kulle shi a gida. Jami'i ya ce in yi tunani zuwa gobe da hantsi, don Mai Girma da kansa zai dawo. Wai ranar yanka ƙyalle an manta ba a ɗauki hotonsa da mai amfana da aiki ba, kuma rahoto ba ya cika sai da shi.

Ya rage murya. "An ce kana da ɗan'uwa mai keke. Irin wannan ake so. Mai Girma zai tura shi ya haye gadar, a ɗauka. Hoton yana taɓa zuciya sosai."

Da ina da takalmi biyu, da na cire ɗaya na taɓa masa tasa zuciyar.

Da yamma na tarar da Yaya a tsakar gida, ya sa gilashin nan na masu agogo a ido ɗaya, yana tonon cikin wani tsohon agogon hannu. Ranar bai fita ba, don labarin ƙafata ya riga ni isa gida. Na kwashe komai na gaya masa.

Mai ɗakina ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban yara, in ka sa hannu a takardar nan, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

"In ban sa ba kuma Yaya ya zauna a gida."

"To wa ya aike ka yawo da biro? Mutane nawa ne a layin nan suka fi ka hankali, suka bar aljihunsu wayam?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "Kai yaro." Shekarata hamsin da huɗu, amma a wurinsa har gobe yaro ne ni. "Ka ce musu zan zo hoton."

"Yaya, gadar ba za ta ɗauke ka ba!"

"Na ce maka zan hau? Cewa na yi zan zo." Ya hura cikin agogon, ya kara shi a kunne. "Shekara arba'in mutane suna kawo mini agogo suna cewa, lafiyarsa ƙalau, ɗan tsayawa kawai yake yi. Ban taɓa musu da kowa ba. Sai in ce, to riƙe shi, gaya mini ƙarfe nawa."

Washegari da sassafe yaran ɗan kwangila suka iso da gyara. Ina tsaye suka shimfiɗa kwalin firiji a bakin ramin, suka shafe shi da ruwan siminti, suka bi da fenti, sannan suka malala jan kafet daga wannan baki zuwa wancan. Wallahi gadar ta yi kyau. Ni kaina da na san abin da ke ƙasa sai da na ji sha'awar takawa.

Hantsi ya yi, ba su zo ba. Azahar ta gota, sai ga jiniya. Mota tara, a garin da muke kwana biyu a layin mai. Mai Girma Uban Almakashi ya fito, ƙamshin turarensa ya danne warin kwata, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin layinmu. Bayansa mutum goma sha ɗaya, kowanne da tumbinsa, kowanne da fayil ɗin da babu komai a ciki. Sun zagayo da motocin ne ta bayan makaranta zuwa ɓangarenmu, don mai hoto ya ce hasken ya fi kyau daga nan.

Ni dai ba na son alhakin kowa. Na kutsa gaba na ce, "Ranka ya daɗe, akwai rami a ƙarƙashin kafet ɗin nan. Jiya ya ci mini takalmi."

Wani mai baƙin gilashi ya dafe mini ƙirji. Amma Mai Girma ya ji. Ya juya wurin jami'in fom ya ce, "Wane maki aikin ya samu?"

"Ranka ya daɗe, ana kan cikewa. Amma ko ya lalace ba zai gaza fiya ba."

Gaskiya ya faɗa, tunda babu inda zai gaza ya je.

Mai Girma ya dube ni da tausayi. "Ka ji ko, dattijo? Ni da takarda nake aiki, ba da jita-jita ba."

Na sake faɗa. Na faɗa sau uku, mai shayi shaida ne. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Idan kunne ya ƙi, jiki magayi.

Aka gungura Yaya bakin kafet, ya sha wankakkiyar rigarsa. Mai Girma ya kama bayan keke, ya saki murmushin hoto, ya tura. Keke ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi. Ko gezau. Ni ina ganin hannun Yaya a kan birki, ya damƙe shi kamar mai riƙe da ɓarawo.

Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi murya irin ta bayin Allah. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tsoro nake ji. Mu talakawa zuciyarmu ƙarama ce. Amma in na ga babba ya taka da ƙafarsa mai albarka, sai hankalina ya kwanta."

Kyamara uku suna kallonsa. Mai Girma ya buɗe hannuwa ya ce, "Bawan Allah, dubi nan!" Ya hau kafet. Kun san mutanensa ba sa barin a ɗauke shi hoto shi kaɗai, kada a manta da su ranar rabon kujera. Sai duk sha ɗayan suka duru a bayansa, suna turereniyar wa zai tsaya kusa da kafaɗarsa. Gadar ta yi wani nishi da na ji shi har cikin haƙorina.

Ya tsaya daidai tsakiya. Ya ɗaga ƙafa ya buga. "Wannan aiki ne!" Ya sake bugawa. "Aikin shekara ɗari!" Ya ɗaga a karo na uku.

Ban ga saukar ƙafar ba. Na dai ga hula a sama, ita kaɗai, tana neman mai ita.

Kafet ya bi shi ciki kamar zanen jego, ya tsaya masa a ƙugu. Mutum sha ɗaya suka watse, wasu ta gabas wasu ta yamma, ɗaya ya rungume tukunyar mai shayi. Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane Mai Girma bai yi ba, ban da a wurin da ba a sa wa magani. Yana tsaye cikin ruwan kwata har cinya, sai ya buɗe baki da Turanci. Jama'a, ashe duk kalmomin nan da aka cire suna nan a cikinsa, ajiye su kawai ya yi.

Malam Ƙamus ya kama mini hannu, yana lissafi da yatsu. "Shodi! Ka ji? Sobstandad! Allahu akbar, rabish! Mai Tabarau, duk biyar ɗin ya jero, ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Wanda ya koyar da mutumin nan ya iya aikinsa!" Har da ƙwalla a idonsa.

Da aka ciro shi, yana ɗiga, ya daka tsawa a kawo masa fom. Ya fizge biron daga aljihuna, karo na farko da biron nan ya yi wa al'umma amfani. Ya bi gurbi na farko, na biyu, har na biyar. Ya koma sama ya sake sauka. Ya juya bayan takardar, daidai yadda Ƙamus ya yi.

"Ina gurbin aikin banza?"

Jami'in fom ya matso, ya yi magana can ƙasa, amma layin ya yi tsit har ana jin tafiyar ruwan kwata. "Ranka ya daɗe... ai kai ka sa aka cire."

Mai Girma ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙo mini ita da biron, ya nufi mota yana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa.

Yaya ya saki birki, ya ce, "Kai yaro, mayar da ni inuwa."

Kafin la'asar an zagaye gadar da igiya, aiki ya shiga nazari. Kafin igiyar ta gama lilo, mai ɗakina ta sa an fito da katako huɗu daga bayan kicin. Kallo ɗaya kawai ta yi mini, wanda na gwammace a zage ni da Turanci. Kafinta ya shimfiɗa su gefen gadar, ya bi su da sababbin ƙusoshi, ya hau ya yi tsalle sau uku. Shi bai san wani gwaji ba sai wannan.

Laraba da safe na raka Yaya. Keken ya hau, katako ya yi 'yar ƙararsa ta da, ya sauke shi lafiya a bakin titi. Na ce, "Yaya, ya ka ji su?"

Ya ce, "Ba laifi." Ya buɗe akwatinsa ya fara jera agogo.

A rediyo kuma mun ji cewa Mai Girma, saboda tsananin kishin aiki, ya sauka da kansa har ƙasa don duba harsashin gada. Mai shayi ya ce shi ya fara yin wannan magana, kuma shi da wasa ya yi ta, a nemo masa wanda ya sace. Jami'in fom ya sake zuwa jiya, daga tsallake, da sabuwar takarda. An yi gyara, in ji shi, don kada irin haka ta sake faruwa. Na ba Ƙamus ya duba. Gurbi huɗu ne yanzu. An cire fiya.

Ban sa hannu ba. Na ce masa biron ya sha ruwa.

Af, na kusa mantawa. Masu yashe kwata sun tsamo takalmi ɗaya jiya, ba nawa ba. Fata ce mai laushi kamar kuncin jariri, ƙafar dama, kuma daidai ni kamar an auna. Na wanke shi na shanya, ina jiran mai shi ya zo da shaidar takarda. Kafin nan, in kun ga wani dattijo a layin mai yana tura babur, ƙafar dama ekselen, ta hagu kadaran-kadahan, ku yi masa sannu. Wakilinku ne.